Early Modern Texts: abin da yake yi wa ɗalibin tarihin falsafar zamani, da inda yake ka da shi

Ɗalibai da dama kan shiga kwas ɗin tarihin falsafar zamani da zaton za a yi zancen masanan yau. A makon farko ake gane cewa "zamani" a nan ƙarni na 17 da na 18 ake nufi, wato daga Descartes zuwa Kant. A mako na uku kuma sai kuka ya tashi: littattafan ba sa karantuwa. Locke ya yi rubutu da Turancin 1689, jimla guda ta ci rabin shafi. Wannan ciwon ne shafin intanet na Early Modern Texts ya zo magani.

Marigayi Jonathan Bennett, ɗan asalin New Zealand wanda ya koyar a Cambridge da Syracuse, shi ya kafa shi. Ya ɗauki manyan littattafan kwas ɗin ya sake tsara jimlolinsu da sassauƙan Turanci, ya ajiye su a PDF, kyauta, ba rajista. Akwai Descartes, Spinoza, Leibniz, Locke, Berkeley, Hume da Kant, har da waɗanda manhajoji kan tsallake, irin su Malebranche da Anne Conway, da wasiƙun da Gimbiya Elisabeth ta Bohemia ta fara aika wa Descartes a 1643 tana tambayarsa yadda ruhin da ba shi da jiki yake motsa jiki. Amsar da ya ba ta ba ta gamsar da ita ba, kuma malamai suna son wannan tambaya a jarrabawa.

Kafin a karanta ko layi ɗaya, a tsaya a kan ɗan bayanin da ke saman shafin farko na kowane littafi. Abin da ke cikin baka mai kusurwa bayanin Bennett ne. Abin da ke tsakanin ƙananan ɗigo biyu ƙari ne da ya saka don jimla ta fito fili. Ɗigo huɗu a jere na nuna an cire wani gajeren yanki. Ɗalibin da ya tsallake wannan zai kwafi kalmar Bennett ya jingina wa Spinoza, malami kuwa da gani zai gane.

Inda aikin ya fi kyau shi ne Locke da Kant. Babi na 27 na littafi na biyu na Essay, wanda Locke ya ƙara a bugu na 1694 kan abin da ke sa mutumin jiya ya zama shi ne na yau, ya zama abin karantawa a zama ɗaya. Prolegomena ta Kant (1783) ma haka. Wanda ya bi ta nan kafin ya tunkari babban littafin Kant, Critique of Pure Reason, ya rage wa kansa wahala. Ga Berkeley da Hume amfanin kaɗan ne. Turancinsu dama ba ya da nauyi, kuma a Enquiry ta 1748 daɗin Hume yana cikin salonsa. Gara a karanta sashe na 4 da na 7, inda yake zancen yadda wani abu ke jawo wani, daga bakin mai shi. Wanda ya yi karatun tauhidi a zaure zai ji zancen ba baƙo ba ne: tun ƙarni na 11 Imam Ghazali ya kawo misalin wuta da auduga, yana cewa ganin ƙuna bayan haɗuwarsu ba hujja ba ce cewa wutar ce ta wajabta shi. Sai dai Ghazali ya mayar da aikin ga Allah, Hume ya mayar da shi ga sabon da zuciya ta yi. Haɗa su wuri guda ba tare da wannan bambanci ba yana cin maki.

Babban aibin shafin shi ne sauƙin nasa. Duk inda jimla ke ɗaukar ma'ana biyu, wanda zai sassauta ta dole ya zaɓi ɗaya, kuma sau da yawa gardamar masana a kan wannan harshen damon take. Ɗalibi sai ya ga hanya a share, bai san akwai mararraba ba. Bennett masani ne mai ra'ayinsa, musamman a kan Spinoza da Kant, don haka zaɓinsa fassara ce, ba nassi ba.

Aibi na biyu shi ne wajen kafa hujja da inda aka ɗauko zance. Lambar shafin PDF ba ta da amfani ga mai duba takarda. Ana ambaton Descartes da juzu'i da shafin bugun Adam da Tannery, Critique na Kant kuma da A don bugun 1781 da B don na 1787. Spinoza, Berkeley da Leibniz sun fi sauƙi, domin lambobin na cikin littafin ne: Ethics ta Spinoza kashi biyar ce mai jerin ƙudurori, Monadology ta Leibniz sakin layi 90.

Tsarin da ke aiki shi ne karatu biyu. Daren farko a bi na Bennett ba tsayawa, a rubuta hujjar a layi biyar ko shida. Washegari a ɗauko ingantaccen bugu, Cottingham ga Descartes, Curley ga Spinoza, Nidditch ga Locke, Guyer da Wood ga Kant, a nemi wuraren da suka saɓa da abin da aka rubuta jiya. Daga nan kaɗai ake ɗauko zance a sa a takarda. Bimbini shida na littafin Descartes, Meditations (1641), sun dace da kwana goma sha biyu a wannan tsari, kuma a hanya ɗalibi zai gano cewa shahararriyar jimlar nan ta "ina tunani, saboda haka akwai ni" ba ta cikin bimbini na biyu da wannan lafazi; a Discourse ta 1637 take.

A waya fayilolin na da wuyar bi, rubutun ƙanana ne. Mai hali ya buga babin da ake kai a takarda, ya bar gefe don rubutu da biro.