Rautar aljihu da GPS na hannu: ɗaya ya ci kuɗinsa, ɗaya sai da lallami

A shago ɗaya aka haɗa mini kayan biyu don aikin auna gonaki a bayan gari: rautar 4G (na'urar da ake sa wa layi ta raba intanet ta Wi-Fi) mai batir da ramukan eriya biyu, sai GPS na hannu mai cin batir AA guda biyu. Kun san farashinsu yanzu, ba sai na fama wa kowa miki ba. Wata biyu ke nan suna aiki. GPS ɗin zan zo kansa daga baya, rautar ce ta shiga mini hanci da ƙudundune.

Mai shagon ya yi abin da suka saba, ya buɗe manhajar gwajin sauri a wayarsa, allura ta haura megabit 28 a saukewa, 6 a ɗorawa. Duk wanda ya ga haka sai ya ce ya tsinci dami a kala. To amma da zarar an fara tura hotunan gona da fayilolin GPX masu ɗauke da awon GPS, kiran WhatsApp sai ya koma gutsi-gutsi, ka yi sallama sai bayan daƙiƙa biyu a amsa, shafi kuma ya tsaya yana juyi. Sandunan sabis kuwa huɗu ne cif. Waɗannan sanduna da waɗancan lambobin sauri ba sa faɗa maka komai game da jinkiri, sai ka buɗe baƙin allon umarni.

Farko a wanke Wi-Fi daga zargi. An yi ping, wato aika ɗan ƙunshin bayani (fakiti) a auna lokacin dawowar amsarsa, zuwa adireshin rautar kanta sau ɗari, amsa tana dawowa cikin milisakan 2 zuwa 4, ko fakiti ɗaya bai zube ba. Sai waje: ping -c 100 8.8.8.8 a Linux, masu Windows su sa -n a madadin -c, mai waya kaɗai kuma ya sauke manhajar Termux. Layin ƙarshe shi ne abin dubawa. Matsakaici ya ba da milisakan 55, mdev 9, zubewa sifili. Wannan mdev shi ne rawar da jinkirin yake yi, kuma shi murya ta fi tsana. Kada wani ya ce maka nisan Legas ne matsalar Arewa. Haske yana cin wajen kilomita 200 a milisakan ɗaya cikin wayar faiba, Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 10 ke nan. Ragowar daga iska ne tsakaninka da ƙarfen sabis, da jerin na'urorin kamfanin layi.

Da mtr -rwc 100 1.1.1.1, umarnin da yake nuna kowane zango da fakiti yake bi a hanya, na kusa ɗaukar alhakin kamfanin layin. Zango na uku ya nuna zubewar kashi 60, har na fara haɗa saƙon ƙorafi. Amma zango na huɗu har zuwa na ƙarshe duk sifili ne. Zubewar gaske takan bi layi har ƙarshe. Wadda ta tsaya a zango ɗaya na'urar wurin ce kawai take yi wa amsa saƙon ICMP, irin wanda ping yake aikawa, rowa, kayan da suke wucewa ta cikinta lafiya lau suke. Adireshin da suka fara da 10 ko 100.64 a zangon farko ma ba ciwo ba ne, CGNAT ne, mutane da yawa suna raba adireshi ɗaya na waje.

Asirin ya tonu ne da aka buɗe taga biyu. Ɗaya ping yana gudu, ɗaya kuma umarnin curl -T yana tura bidiyo mai megabait 200. Ina kallon lambobin suna hawa kamar farashin shinkafa: 55, 340, 900, 1,800, har 2,400, suka zauna a nan har aka gama turawa, sannan suka faɗo 55 kamar ba a yi komai ba. Babu fakitin da ya ɓata, layi kawai suke bi. Masu sana'ar suna ce wa wannan bufferbloat. Rautar tana da rumbu mai zurfi, kwamfuta tana zuba mata kaya ta Wi-Fi da gudu, ita kuma ƙofar fitarta megabit 6 ce, maimakon ta ce a dakata sai ta yi ta tarawa. Ɗan fakitin muryarka ya zo ya tarar da tirela ashirin a layin gidan mai, shi da babur ɗinsa, kuma babu mai ce masa ya wuce gaba.

Don kada a yi mata ƙazafi, an cire layin an sa a waya, wuri ɗaya, lokaci ɗaya, an haɗa da kwamfuta ta USB. Fayil ɗin nan dai aka sake turawa, jinkirin bai wuce 300 ba. Shi ma ba abin yabo ba ne, amma ana magana a ji juna. Ke nan laifin na rautar ne. Na bincike shafin saitinta ciki da bai, babu inda ake ƙayyade saurin ɗorawa ko fifita murya. Wurin canza kalar fitila dai akwai.

Maganin shi ne kada ka bari rumbun ya cika. Sa --limit-rate 500k a curl ya tsayar da turawa a wajen megabit 4, ping ya dawo ƙasa da 80. Wanda ya fi wannan tsafta a Linux shi ne tc qdisc replace dev wlan0 root cake bandwidth 5mbit, ka canza wlan0 da sunan katinka, ka ajiye lambar ƙasa kaɗan da saurin ɗorawarka na gaskiya. Da haka ana kira ana turawa lokaci guda. Gaskiya a nan na huce, har na ce ai kuɗinta bai kai a nemi fiye da haka ba.

Hucewar ba ta kai sati ba. Wannan dabarar kwamfuta ɗaya take ɗaurewa. Wayar abokin aiki ta shiga Wi-Fi ta fara kwashe hotunanta zuwa ma'ajiya, shi ke nan an koma gidan jiya. Ga zafi kuma. Rana na tsaka jikinta ya yi kamar an sauke ta daga kasko, sai ta mutu ta tashi da kanta. Da ping -D -O ana ganin abin ƙuru-ƙuru, kowane layi da lokacinsa, sai giɓin daƙiƙa arba'in da wani abu babu amsa, sau uku sau huɗu tsakanin azahar da la'asar. Na'urar da aka sayar don aikin fili a ƙasar da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu, a ce sai an nannaɗe ta an rataye a inuwar darbejiya? Ramukan eriyar irin ƙananan nan ne na TS-9, iska ta kaɗa waya sai kan ya zame. Idan ya zauna yana aiki, RSRP, ma'aunin ƙarfin sabis, ya tashi daga -108 zuwa -97, sai dai ba ta bari ka kulle ta a mitar rediyo (Band) ɗaya, tana kan Band 3 na 1800 lafiya sai ta tsallaka Band 20 na 800 inda jama'a suka yi cunkoso. Masu VPN kuma su gwada ping -M do -s 1472. A wannan haɗin bai wuce ba sai da aka sauko 1372, a ƙara 28 na kan fakiti, MTU, wato iyakar girman fakitin da haɗin yake ɗauka, 1400 ke nan.

GPS ɗin kuwa ya ba ni kunya, don shi na raina. Kunnawar farko ya ɗauki mintuna yana lalube, kada ka ce ya lalace; bayanan taurarin ɗan'adam yake saukewa kai-tsaye daga sama, cikakken jadawalinsu yana cin minti 12 da rabi. Ka ajiye shi a fili ka sha shayi. Bayan nan cikin daƙiƙoƙi yake kamawa, ba layi, ba data. Da GPS da GLONASS, takwaransa na Rasha, a kunne kuskurensa yana zama mita 3 a sarari, a ƙarƙashin mangwaro ko gindin dutse ya kai 8 zuwa 10. Allonsa rana ƙara masa haske take yi, saɓanin waya.

Wannan mita 3 ba wasa ba ne a ƙaramar gona. Hekta ɗaya mai mita 100 kowane gefe kewayenta mita 400 ne, in kuskuren ya karkata waje ɗaya duk zagayen, murabba'in mita 1,200 ke nan, kashi 12 na gonar. Don haka a tsaya a kowace kusurwa minti ɗaya ko biyu ya ɗauki matsakaici, kada a zagaya da gudu a kan babur. Sai tarkon datum, wato tushen da ake ɗora lambobin wuri a kai: shi yana kan WGS 84, tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya kuwa a kan Minna suke, kuma a yankin Kano bambancin ya kai wajen mita 80, galibi gabas da yamma. In ka zuba lambobin tsohuwar takarda ba ka canza ba, a gonar maƙwabci za ka kafa turke. WAAS da EGNOS, tsarin rage kuskuren GPS, na Amurka da Turai ne, a kashe su. Kamfas ɗinsa yana son a sake daidaita shi duk sanda aka canza batir, nesa da mota, kuma a faɗa masa irin batirin, alkalin ne ko NiMH, in ba haka ba ma'aunin cajin ƙarya zai yi ta yi.

Abin da ya ɓata mini rai da shi bai wuce rubuta sunan wuri da ɗan maɓallin nan harafi-harafi ba, da tsohuwar wayar mini-USB da ba kowane mai caji ke da ita ba. Ta wannan wayar ake kwaso GPX ɗin, a kai kwamfuta, sannan a dawo wa rautar nan ta tura, in ba ta suma ba. Wanda zai saye ta ya tafi shagon da kwamfutarsa, ya saki ping, ya ce wa mai shagon, "Alhaji, tura mini bidiyo ɗaya ta cikinta," ya zuba wa lambobin ido kafin ya ciro kuɗi.