Buhun leya na biyu ne ya ɓata mani rai

Kaji 20 gare ni a bayan gida nan Sabuwar Unguwa, jajayen nan na gidan gona. Da suka fara ƙwai sai na ci gaba da ba su dusar gero da tsakin masara da ragowar tuwo, yadda muka saba yi wa kajin Hausa. Ƙwai 6 a rana, ran sa'a 8, wani ma ɓawon kamar leda, kana taɓawa ya lotsa. Maƙwabciyata ce ta ce dusa ba ta da isasshen kalsiyam, shi kuwa ke gina ɓawo, in nemi abincin leya, wato na kaji masu ƙwai.

Na aiki yarona wani shago wajen Ƙofar Ƙaura ya ɗauko mai kilo 25. Tsakani da Allah buhun farko ban da abin cewa. Kaza mai ƙwai na cin kusan giram 120 a rana, kwana 10 kuwa ya yi mani cif. Kafin ya ƙare ina kwasar 15, ɓawo tauri, har na fara tara kiret ina kai wa mai shayin bakin layi.

Na biyun ne! Tun daga ɗinkin bakin na tsargu, zaren ba irin na farko ba ne. Ina zuba hannu ƙasa na ji ya dunƙule, ga warin fumfuna. Amma kun san kuɗin buhu yanzu, wa zai zubar? Na ba su na saman. Suka tsince masarar suka tone sauran. Cikin kwana 5 ƙwai ya koma 9, wata ma ta koyi fasawa tana sha.

Da kaina na tafi shagon. Buhunan abincin jibge kan siminti, ko katako babu a ƙasa, ana tsakiyar damina. Mai shagon wai, "Hajiya, zafi ne ya hana su ci."

Na ce, "Alhaji, zafi a watan Agusta? Da a bazara ne sai in yarda."

Ya ce tunda an buɗe ba ya amsa. Yanzu ma nake tunawa, tun a na farkon bai cika wa yaron canji ba, na yi shiru.

Sauran na haƙa rami na binne, don abinci mai fumfuna hanta yake taɓawa. Na canza shago, ƙwai ya fara dawowa. Mai shan ƙwan ce dai ta ƙi dainawa, ranar Juma'a za ta shiga tukunya.