Motar fetur ko ta lantarki?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, masu mota a Kano suka shiga lissafi. Motar fetur kullum hannu a aljihu, ga juyen baƙin mai, ga canjin fulogi. Amma cikin minti biyar an cika tanki, kuma kowane gareji akwai makaniken da ya san cikinta.

Ta lantarki, irin su BYD ta ƙasar Sin, ba baƙin mai, ba hayaƙi, gyaranta kaɗan ne. Matsalarta caji: a gida sai ta kwana a jone, wutar kuwa ba tabbas, zafin bazara ma yana rage wa batir kwana. A ganina ta dace da mai sola a gida da ke zirga-zirgar cikin gari. Tafiyar Kano zuwa Maiduguri kuwa, wuraren caji a hanya sun yi ƙaranci.