Agogon ces na murɗawa irin Garde da BHB: abin da yake iyawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Agogon darar ces akwati ne guda mai fuskar agogo biyu, da madanni biyu a samansa. Ɗan wasa ya yi takunsa sai ya danna na ɓangarensa, agogonsa ya tsaya, na abokin karawarsa ya kama tafiya. Cikin na murɗawa, wato waɗanda ba su aiki da batir, biyu ne suka fi suna, kuma duka ƙirar Jamus ne. Akwai Garde, mai akwatin katako da manyan fuskoki, wanda aka fara ƙerawa a garin Ruhla na tsohuwar Jamus ta Gabas. Akwai kuma BHB, wanda bai kai shi girma ba, galibi cikin akwatin roba. Dukansu kaya ne masu ƙarko. Ga wasan kulob, ga koyar da yara, ga kuma mai son buga wasa bisa ƙa'idar lokaci irin ta mutanen da, ba su da laifi. Amma wanda zai shirya gasa ta hukuma a yau, kada ya kashe kuɗinsa a kansu. Dalilin hakan yana cikin tarihin da ya haifi agogon.

Gasar ƙasa da ƙasa ta farko an yi ta ne a Landan a 1851. Howard Staunton ne ya shirya ta, ya daidaita ta da lokacin babban baje kolin duniya da aka yi a birnin a shekarar, don ya samu baƙi daga sauran ƙasashen Turai. 'Yan wasa 16 ne suka shiga, tsarin kuma na sili-ɗaya-ƙwale ne. A zagayen farko wanda ya fara cin wasa biyu shi ke wucewa, daga nan sai wanda ya fara cin huɗu. Adolf Anderssen, malamin lissafi daga garin Breslau (Wrocław ta ƙasar Poland a yau), shi ya zo na ɗaya, Marmaduke Wyvill na biyu, Elijah Williams na uku, Staunton kansa na huɗu. Babu agogo ko ɗaya a wurin. Mutum yana iya zama ya zura wa allo ido iya son ransa, kuma Staunton ya yi ta ƙorafi a rubuce kan jan ƙafar Williams, wanda ya doke shi a karawar neman matsayi na uku. Ba sabuwar matsala ba ce. A karawar Staunton da Saint-Amant a Faris a 1843, wasan ƙarshe ya ci sama da awa 14. A gasar Amurka ta farko a 1857, Paul Morphy mai saurin gani ya sha zaman jiran Louis Paulsen.

Ɗaya daga cikin magungunan farko da aka gwada shi ne agogon yashi. An yi amfani da shi a karawar Anderssen da Ignatz Kolisch a 1861, da kuma gasar Landan ta 1862, wadda ita ce gasar ƙasa da ƙasa ta farko da kowa ya kara da kowa, inda Anderssen ya sake zuwa na ɗaya cikin mutum 14. Kowane ɗan wasa da kwalbarsa: a tsaye take lokacin da yake tunani, a kwance lokacin da abokinsa ke tunani. Illarsa a fili take. Laima tana canza gudun yashi, ba a iya karanta mintin da ya rage, kuma idan aka yi kuskure aka tayar da kwalba ta kan da ba shi ba, lissafin wasan duka ya rushe.

Kakan agogon da muke magana a kansa ya bayyana a gasar Landan ta 1883, wadda Johannes Zukertort ya ci da maki 22 cikin 26, maki uku a gaban Wilhelm Steinitz. Thomas Bright Wilson na kulob ɗin Mancesta ne ya ƙirƙiro shi: agogo biyu masu lilo a kan katako ɗaya mai rinjaya, idan aka karkata shi lilon ɗaya ya tsaya, ɗayan ya tashi. Madanni da 'yar tuta mai nuna ƙarewar lokaci sun zo daga baya, wajen shiga ƙarni na 20, tutar ma sai da ta ɗauki shekaru kafin ta zama ruwan dare.

Idan aka buɗe bayan Garde ko BHB, wannan dabarar ta Wilson ce za a tarar, an dai canza mata kaya. Inji biyu ne irin na agogon ƙararrawa, kowanne da sifirin ɗinsa da makullin murɗawarsa. Madannan biyu suna zaune a kan sanda ɗaya mai rinjaya, shi ya sa idan ɗaya ya sauka ɗayan ke tashi. A kowane gefen sandar akwai siririn ƙarfe da ke taɓa 'yar tayar da ke kai-komo a cikin injin ya tsayar da ita. Idan aka daidaita madannan biyu a tsakiya, injinan biyu duka su tsaya, kuma haka ake yi idan za a kira alƙali ko za a ajiye agogon. A bayan kowane inji akwai makullin murɗawa, da maɓallin juya hannayen agogo, yawanci kuma da ɗan ƙarfen saita gudu mai alamar ƙari da ragi. A fuskar akwai wata 'yar alama mai motsi da ke nuna cewa wannan ɓangaren ne ke tafiya, sai tutar, ɗan jan ƙarfe ko roba da ke rataye kusa da lamba 12. Dogon hannu yana ɗaga ta a 'yan mintunan ƙarshe, idan ya kai 12 ya sake ta ta faɗi.

A nan ne kyawun agogon yake, kuma a nan iyakarsa take. Tuta tana faɗuwa sau ɗaya a kowace awa, ba ta san wani lissafi ba bayan wannan. Tsofaffin ƙa'idojin lokaci kuwa da awa-awa aka yanka su. A karawar neman kambun duniya ta farko tsakanin Steinitz da Zukertort a 1886, ƙa'idar ita ce taku 30 cikin awa biyu, sannan taku 15 a kowace awa. Da wannan agogon, sai a saita fuskokin biyu a ƙarfe 4:00. Idan tuta ta faɗi a 6:00 a duba takarda ko an cika taku 30, a 7:00 a duba ko an cika 45, a 8:00 a duba 60. Babu mai taɓa bayan agogon har a tashi, kuma duk mintin da mutum ya rage a zangon farko yana biyo shi zango na gaba da kansa. Agogon batir ma yana yin wannan, amma sai an shiga jerin zaɓuɓɓukansa an tsara masa, kuma kuskure ɗaya a tsarin ba ya bayyana sai wasa ya yi nisa.

Al'adar saiti ita ce lokacin farko ya ƙare a ƙarfe 6:00, inda gajeren hannu ke ƙasa, nesa da tuta. Don haka wasan minti 90 a saita 4:30, na awa ɗaya 5:00, na minti 30 kuma 5:30, na minti biyar 5:55. Kafin wasa a murɗa makullan biyu har a ji sun fara tauri, a tsaya nan. Murɗawa ɗaya ta ishi dogon wasa har da saura.

Abu ɗaya da ke iya lalata waɗannan agogunan shi ne juya dogon hannu baya ya ratsa 12. Tutar an yi ta ne don a ɗaga ta daga gefe ɗaya kawai. Idan hannun ya zo mata ta baya sai ya tokare ta, ko tutar ta lanƙwashe ko hannun ya goce daga mazauninsa. Sakamakon shi ne tuta mai faɗuwa kafin 12 ko bayanta da rabin minti, kuma a wasan minti biyar rabin minti kashi ɗaya cikin goma ne na lokacin mutum. Kullum a juya hannun gaba, ko da za a zagaye fuskar duka.

Matsala ta biyu ita ce bambancin gudu tsakanin injinan. Gwajinsa ba wuya: a saita duka a 12:00, a bar na hagu ya yi awa ɗaya ana auna shi da agogon waya, sannan na dama. Idan ɗaya ya kauce da 'yan daƙiƙu, ba abin damuwa ba ne. Idan ya kai minti guda, a matsa ƙarfen saitin gudu kaɗan, kamar kaurin farce, zuwa ragi idan yana sauri ko ƙari idan yana nawa, a sake gwadawa. Agogon da ya fara gudu fiye da kima kwatsam, yawanci gashin sifirin ɗin 'yar tayar ne ya manne da juna, ko don mai ya taɓa shi ko don an ajiye agogon kusa da maganaɗisu, kamar na lasifika. Wannan aikin mai gyaran agogo ne. Haka ma agogon da aka murɗa ya cika amma ya ƙi tashi. Mutane kan ce murɗawar ce ta yi yawa, alhali kusan kullum tsohon mai ne ya bushe ya haɗu da ƙura. Wanki yake so da sabon man agogo, kuma fesa masa man kwance tsatsa ƙara ɓata shi yake yi.

Akwai kuma illar duka. A wasan gaggawa 'yan wasa suna marin madanni, sandar ta saki ko siririn ƙarfen ya lanƙwashe, sai a wayi gari an danna amma agogon bai tsaya ba, ko ɗaya ya tsaya ɗayan bai tashi ba. A nan Garde ya ɗan fi, don nauyin katakonsa yana hana shi zamewa a kan tebur, fuskarsa kuma ta fi sauƙin karantawa daga nesa. BHB ya fi sauƙin ɗauka a jaka. Ƙarar tik-tik ɗinsu kuwa, wani tana taya shi nutsuwa, wani tana hana shi tunani.

Abin da babu gyaran da zai kawo shi shi ne ƙarin lokaci bayan kowane taku. Bobby Fischer ya nemi rajistar wannan dabara a 1988, aka yi amfani da ita a karawarsa da Boris Spassky a 1992, yanzu kuma ita ce ginshiƙin gasa. Ƙa'idar da hukumar ces ta duniya, FIDE, ta fi amfani da ita ita ce minti 90 na taku 40, sannan minti 30 na sauran wasan, tare da ƙarin daƙiƙa 30 a kowane taku tun daga na farko. Sifirin ba zai iya wannan ba, sai agogon batir irin DGT 3000. Hukuncin alƙali ma yana wahala da na murɗawa. Idan ɗan wasa ya yi haramtaccen taku, doka ta ce a ƙara wa abokin karawarsa minti biyu a dogon wasa, kuma juya hannu da yatsa ba zai ba da minti biyu cif ba. Idan tutoci biyu suka faɗi ba wanda ya lura, agogon ba zai faɗi wadda ta riga ba, na batir kuwa yana nuna wanda lokacinsa ya fara ƙarewa. Mai saura daƙiƙa 20 da mai saura 40 kusan iri ɗaya suke a ido.

Da yawa daga cikin waɗanda ake samu yanzu tsofaffi ne, waɗanda kulob-kulob suka ajiye bayan sun koma na batir, don haka a duba kafin a biya. A murɗa duka ɓangarorin a saurari ƙarar kowanne, ta zama daidai ba mai ɗingishi ba. A danna madannan sau goma ko fiye a hankali, kowane karo a tabbatar ɗaya ya tsaya ɗayan ya tashi nan take ba sai an girgiza akwatin ba. A daidaita su a tsakiya a ga ko duka sun yi shiru. Sannan a saita kowace fuska a saura minti biyar, a bar ta ta tafi da kanta, a sa ido a ga ko tutar ta faɗi daidai lokacin da dogon hannu ya hau 12. Gilashin da ya tsage ko katakon da ya ƙuje ba sa hana aiki. Tutar da ke saɓa wa 12 a ɓangare ɗaya kawai ita ce abin gudu, don duk wanda ya zauna a wannan gefen an rage masa lokaci ko an ƙara masa tun kafin a taɓa ɗan dara.