Hattara da mai tallar "tambarin fada" a WhatsApp

Jama'ar Kaduna, musamman masu son ƙawata falo ko wurin biki da kayan gargajiya, ku buɗe ido. Akwai wani mutum da ke yawo a Facebook da zaurukan WhatsApp yana tallar tsofaffin ganguna, wai kayan gadon gidajen sarauta ne da magada suka fitar saboda matsin rayuwa. Ƙanina ya faɗa hannunsa watan jiya, naira dubu 450 suka tafi, kuma saura ƙiris a ƙara masa wani ramin.

Hoton da ya turo na tambari ne, baƙi wuluk, fatar duk ta yi dauɗa. Ya ce daga wani gidan sarauta na ƙasar Zazzau ya fito, ya haura shekara 200, har an buga shi a hawan dabar FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, da aka yi nan Kaduna a 1977. Da ƙanina ya tambayi wane gida, sai ya ce magadan ba sa son tonon asiri. Da ya tambayi wa ya sassaƙa shi, sai ya ce ai mutanen da ba sa rubuta suna a jikin ganga. Wannan ɗin gaskiya ne, kuma a nan dabarar take. Masassaƙanmu ba sa buga hatimi, ba lamba, ba shekara. Tambari ne marar tambari, kowa na iya ɗora masa tarihin da ya ga dama.

A bakin titi suka haɗu wajen Kawo, bayan magariba, a but ɗin mota. Kwana biyu da ciniki sai ga kira daga wata lamba. Mai kiran ya ce shi wakilin wani Bature ne a Abuja, ya ji labarin tambarin, zai saya da dala, ninkin ba ninkin. Abu ɗaya ya rage, "takardar shaida", kuma akwai wanda zai fito da ita a kan dubu 120. A nan ne yaron ya kira ni, ba don yana zargi ba, rance yake nema.

Na ce masa kafin mu biya ko sisi, mu ɗauki abin mu kai wa wani dattijo a Tudun Wada, tsohon makaɗi ne, mahaifinsa ma da sassaƙar ganga ya ci abinci. Muka gaisa, na ce, "Baba, so muke ka duba mana shekarun wannan."

Bai ko buga shi ba. Ya kai hanci ya shinshina, ya goga ɗan yatsa a jikin icen, ya shafa a farin ƙyalle. Ƙyallen ya yi baƙi. Ya ce, "Ɗana, wannan baƙin mai ne na mota da hayaƙin murhu. Tsufa ba ya bin hannu." Daga nan ya sassauta ɗaurin fatar ya ce mu leƙa. Cikin icen fari tas, har da ƙanshin ɗanyen katako, ga zanen injin gurza a jere kamar an ja da layi. Ya ce aikin da, da gizago ake rarake shi, za ka ga sara-sara ba daidai ba, wani wuri zurfi wani wuri tudu, kuma cikin yakan rine ya yi duhu kamar wajen.

Abin da ya fi ba ni haushi ƙananan hujojin da ke gindinsa, waɗanda mai sayarwar ya nuna wa ƙanina a matsayin cin ƙwaro na shekara da shekaru. Baba ya ɗauki tsinken tsintsiya ya zura a ɗaya, ya shige sak. Ya zura a na biyu, haka. Dukansu faɗinsu ɗaya, zurfinsu ɗaya. Ƙwaro idan ya shiga ice karkacewa yake yi, tsinke ba zai bi shi har ƙarshe ba. Wannan da ƙusa ko na'urar huji aka yi.

Sai kuma wurin gogewa. Gangar da aka yi shekaru ana aiki da ita, inda jiki ke taɓawa ne yake sulɓi: bakin da fata ke hawa, gefen da ake riƙewa, gindin da ke zama a ƙasa. Kalangu kuwa tsarkiyarsa ce ke shan zufar hammata. Namu ko'ina dauɗarsa iri ɗaya, kamar an yi masa wanka da ita.

Wani abu da dattijon ya ja mana kunne a kai, kada a ga sabuwar fata a ce ƙarya ce. Fata mutuwa take, ana sake ta. Igiyar leda ko ƙusar kanti ma abin da suke nunawa shi ne an yi gyara a baya-bayan nan. Shekarun ganga a icen suke. Ya kuma ce ko icen ya tabbata tsoho ne, sanin wanda ya sassaƙa shi sai an bi mutane: wa ya buga shi, a hannun wa ya gada, a wane gari. Tambari ba kayan kowa ba ne. Ba kamar kalangu ba, wanda ka san shi da mahauta da 'yan biki, wanda Mamman Shata ya yi suna da shi. Tambari na sarki ne, yana da masu kula da shi, gida ne sananne da sarautarsa. A ce irin wannan ya bar fada ya shigo but ɗin mota ba wanda ya ji, Baba dariya kawai ya yi.

Ga kuma abin da ni kaina ban ankara da shi da wuri ba. A ƙaddara mutumin gaskiya ya faɗa. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta sa kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918, har da kayan kiɗa, cikin kayan tarihi, kuma ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wanda hukumar ta amince wa. Fitar da su waje ma sai da izininta. Ke nan in ƙarya yake yi an cuce ka, in gaskiya yake yi ka sayi rigima da kuɗinka. Shi ya sa suke son ciniki da dare, kuma shi ya sa wanda aka damfara yakan yi shiru.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa "an gwada shi a kimiyyance". Gwajin kabon da ake yi wa kayan tarihi lokacin da icen ya daina girma yake nunawa, ba ranar da masassaƙi ya ɗora masa gizago ba, kuma a kan abin da bai wuce shekara 300 ba amsarsa ba ta fita sarai. Takardar da aka turo wa ƙanina samfurinta, ko sunan hukumar ba a rubuta daidai ba.

Duk wanda aka kawo wa irin wannan, ga gidan tarihi nan a titin Ali Akilu, tun 1975 yake, ku je da ƙafarku ku tambayi ma'aikatan. Ko ku nemi tsohon makaɗi a unguwarku, kuɗin goro kawai zai ci muku. Ku ce wa mai kayan ya zo da rana, ya yarda a kwance fatar a leƙa ciki, ya kai ku gidan da abin ya fito. Namu mutumin da muka faɗa masa haka, sai layi ya katse. Lambar wakilin Baturen ma a ranar ta mutu.

Mun kai rahoto wurin 'yan sanda da bankin da aka tura kuɗin. Shafin mai tallar na da ya ɓace, amma shekaranjiya wani abokina ya turo min sabon talla daga wani shafin daban: kotso biyu da kakaki ɗaya, wai daga Katsina. Tabarmar da aka ɗora su a kai a hoton, mai ratsin ja da kore, ita ce dai wadda aka ɗauki hoton tambarinmu a kanta.