Ibishu Pessima ta 1996 a wasan BeamNG.drive: mota mai kyau da aka bari da bodi ɗaya

Wasan tuƙin mota na kwamfuta BeamNG.drive, wanda wani kamfani da ke birnin Bremen na ƙasar Jamus yake yi, ya shiga Steam, kasuwar sayar da wasanni ta intanet, a watan Mayu na shekarar 2015, kuma har yau ana ci gaba da ƙara masa motoci da taswirori ba tare da an nemi wanda ya riga ya saya ya sake biyan ko sisi ba. Babu Toyota ko Honda ko Peugeot a cikinsa, domin duk motocinsa na kamfanonin ƙirƙira ne: Gavril da Bruckell a matsayin na Amurka, ETK a matsayin na Jamus, Cherrier na Faransa, Ibishu da Hirochi kuma na Japan. Mafi yawan masu yin wasan sun fi zumuɗin motocin tsere da manyan akori-kura, amma motar da wannan sharhi ya shafa ita ce wadda ba a cika waiwayar ta ba, wato Ibishu Pessima ƙirar 1996 zuwa 2000.

Salun ce mai ƙofa huɗu, matsakaiciyar girma, mai ja da tayoyin gaba, injinta kuma a kwance yake a gicciye kamar yadda aka saba gani a motocin Japan na wancan zamani. Ana samun ta da inji mai fulogi huɗu na lita 1.8 ko 2.0, ko kuma mai fulogi shida na lita 2.7, da giya ta hannu ko atomatik. Siffarta a mulmule take, babu kusurwa mai kaifi ko ɗaya a jikinta, kuma duk wanda ya san Camry ɗin da ta fito a 1996, wadda ake yi wa laƙabi da fensir saboda siririyar fitilar bayanta, ko Accord da Mazda 626 na shekarun nan, zai gane dangin da aka ɗebo ta daga ciki tun kallon farko. Wannan ne ya sa na fi jin daɗinta a kan sauran, domin irin motar da mutum ya taɓa shiga ce a gaske, saboda haka yana da ma'aunin da zai gwada ko masu wasan sun yi gaskiya ko ba su yi ba.

A wajen tuƙi kuwa sun yi gaskiya. Idan aka ɗauki mai lita 1.8 da giya atomatik aka hau hanyar tsaunukan taswirar Italiya, sai an danne totur har ƙasa kafin giyar ta sauko, injin ya yi ta kuka, motar kuma ta riƙa hawa a hankali. Idan aka shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gabanta ne yake turjewa ya nufi gefen titi duk yadda aka murɗa sitiyari, kuma maganin abin shi ne a ɗaga ƙafa daga totur, a bar nauyi ya dawo kan tayoyin gaba. Mai fulogi shida ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, sai dai nauyin injin yana ƙara mata wannan turjiya, har ma na fi son mai lita 2.0 da giyar hannu a hanya mai yawan lanƙwasa. Sifirin ɗinta masu laushi ne, tana jirkicewa a kwana, tana kuma dunguri idan an taka birki da ƙarfi. Duk waɗannan ba aibu ba ne a wurina, halin motar iyali ne da aka ƙera domin zuwa ofis da kai yara makaranta.

Inda wasan ya yi wa sauran wasannin tuƙi fintinkau shi ne yadda mota take lalacewa. Kowace mota a cikinsa an gina ta ne da ɗigo-ɗigo masu nauyi waɗanda aka haɗa da sanduna masu lanƙwasuwa da karyewa, kuma kwamfuta tana lissafa ƙarfin da ke kan kowane ɗigo sau 2,000 a cikin daƙiƙa guda. Idan Pessima ta daki turken wuta da gefen gabanta na dama, bamba yana shigewa ciki, bonet ya tuƙuiƙuye ya ɗago ya tare rabin gilashi, lagireto ya fashe, tururi ya fara fita, allurar zafi ta soma hawa. Motar za ta iya ci gaba da tafiya, amma sitiyarinta ya karkace, sai an riƙe shi a jirge kafin ta miƙe, kuma idan aka yi taurin kai aka ci gaba da tuƙa ta babu ruwa, injin zai buga. Wanda ya taɓa tsayawa a garejin mai gyaran bodi ya ga motar da aka jawo daga wurin hatsari zai ga irin lotsawar da ya sani.

To, a nan ne ƙorafina yake. Motar da aka yi wa wannan aiki mai kyau an bar ta da bodi ɗaya tak, salun, da 'yan matakai kaɗan irin su DX da LX waɗanda bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Yayarta ma, Pessima ƙirar 1988, ta fi ta gata, domin tana da GTz mai turbo, mai ja da tayoyi huɗu, wadda tayoyinta na baya ma suna juyawa tare da sitiyari. Sauran motocin wasan kuma an nuna cewa ana iya faɗaɗa su: ETK 800 tana da salun da wagon, Bruckell LeGran ta samu wagon lokacin da aka sabunta ta, Ibishu 200BX ta samu ƙanwa mai suna Diana a 2024, Cherrier Vivace da Tograc kuwa motoci biyu ne da aka ɗora a kan ƙashi ɗaya. Ganin yadda kamfanin yake bin tsofaffin motocinsa ɗaya bayan ɗaya yana sabunta su, ba laifi ba ne a yi hasashen abin da ya kamata Pessima ta samu idan layi ya zo kanta.

Abu na farko, wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, shi ne wagon. Tarihi ya ba da hujja, domin Camry ta farkon shekarun 1990 ta fito da wagon, Accord ta 1994 zuwa 1997 ma haka, kuma Camry ta 1996 an sayar da wagon ɗinta a Japan da sunan Gracia. Amma babbar hujjar tana cikin wasan kansa. A wasu wasannin, sabon bodi fenti ne kawai da ake lulluɓa wa tsohuwar mota, tuƙi bai canza ba. A nan kuwa, ƙara tsawon rufi zuwa baya, da gilasai biyu na gefe, da babbar ƙofar but mai ɗagawa sama, yana nufin ƙarin nauyi a baya da kuma a sama, saboda haka wagon za ta fi jirkicewa a kwana, bayanta zai fi saurin zamewa idan an saki totur a tsakiyar lanƙwasa, kuma idan aka dake ta daga baya, lotsawarta ba za ta zama irin ta salun ba tunda babu bangon da ya raba but da kujeru. Wasan yana da tsarin sana'a da ake kan ginawa a taswirar West Coast USA, inda mutum yake sayen tsohuwar mota ya riƙa kai saƙon kaya domin ya tara kuɗi, kuma wagon mai araha ita ce ainihin abin da mai farawa yake buƙata a can. Mu da muka ga yadda Peugeot 504 wagon, daga baya kuma Golf wagon, suka riƙe tashoshin mota tsakanin Kano da Kaduna da Zariya, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan abin da irin wannan bodi yake iya ɗauka. Da za a ba ta kariya a saman rufi, da zaɓin sifirin na baya masu tauri, mutum ya loda mata kaya har bayanta ya zauna, ya ji yadda sitiyari yake yin sakayau da yadda birki yake ƙara nisa kafin ya tsayar da ita, da an samu darasin tuƙi wanda babu motar tseren da za ta koyar da shi.

Mai ƙofa biyu kuwa, wadda na san ita ce da yawa za su fara nema, ban damu da ita sosai ba. Gaskiya ne cewa Accord ta yi irinta, Toyota ma ta fitar da Solara a 1998 a kan ƙashin Camry, amma wasan ya riga ya cika da motoci masu ƙofa biyu, kuma wadda za a yanko daga Pessima za ta kasance salun ɗin ce dai da aka rage wa amfani.

Game da matakai, hasashena ya fi karkata zuwa ƙasa da gefe, ba sama ba. Ina so a ga mafi ƙasƙancin mataki, mai baƙin bamba da ba a yi wa fenti ba, da gilashin da ake murɗawa da hannu, da wilin ƙarfe babu marfi, babu na'urar hana tayoyi cijewa idan an taka birki, domin a ji bambancin tsayawa a kan tsakuwa tsakaninta da LX. Ina so a ga ta haya mai mita, da ta makarantar koyon tuƙi, da kuma samfurin kasuwar Japan mai sitiyari a dama, tunda Ibishu kamfanin Japan ne a labarin wasan. Injin dizal ma zai dace idan aka yi samfurin Turai, domin motocin Japan masu wannan girma irin su Primera da Carina E sun fito da shi a can. Mataki ɗaya na alfarma mai kujerun fata da rufin gilashi ya isa. Wanda na fi ƙauna a raina, ko da yake ban sa ran za a yi shi ba, shi ne samfurin tsohuwar mota da ta sha hanya: ƙofa ɗaya mai launi daban, shakazoba da suka gaji, salansa mai ɓula, da injin da ya rasa wani kaso na ƙarfinsa.

Dole ne a yi wa masu wasan adalci, domin sabon bodi a irin wannan tsari aiki ne mai cin lokaci. Sai an sake jera ɗigo da sanduna na dukan bayan motar, a auna nauyin kowanne, a daidaita maƙalin ƙofar but yadda za ta buɗe idan an so, ta kuma ɓalle idan an yi karo, sannan a gwada ta da duk injuna da giyoyi da tayoyin da ake iya sauya mata. Masu sha'awa suna yin nasu ƙarin kayan suna sakawa a rumbun da kamfanin ya tanada, wasu ma suna da kyau ƙwarai, amma sukan lalace duk lokacin da aka sabunta wasan, kuma ingancinsu ya danganta da haƙurin wanda ya yi su.

Ga mai tunanin saye, kuɗin wasan a Steam kusan dala 25 ne, kuma Pessima tana cikinsa, ba a sayenta daban. Yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, musamman idan aka cika titi da wasu motoci, tunda kowace ɗaya lissafinta daban ake yi. Ana iya tuƙi da madannan kwamfuta, amma da su totur da birki ko dai a danne suke gaba ɗaya ko a sake, wanda hakan yake ɓata laushin da ya sa motar take da daɗi, don haka ya fi kyau a nemi abin riƙewa na hannu, ko sitiyari da feda ga mai hali. Shawarata ita ce a fara da mai lita 2.0 da giyar hannu a taswirar East Coast USA, inda ake da ƙananan tituna na kwalta da na ƙasa a haɗe.