Sharhi kan Triple P Online: Me yake yi wa shagwaɓa da "ba zan iya ba"?

Duk wanda ya raini yaro ɗan shekara 3 ko 4 ya san muryar nan da ake ja ta hanci, wadda ba kuka ba ce kuma ba magana ba, ya kuma san yadda yaron da ya saka takalminsa da kansa jiya zai wayi gari ya langaɓe ya ce ba zai iya ba. Da wannan ma'auni na auna darussan Triple P Online, wato sashen intanet na shirin horar da iyaye da Farfesa Matt Sanders da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Queensland da ke Ostireliya. Darussa 8 ne, an tsara su domin iyayen yara har zuwa shekara 12, kowanne yana ɗauke da bidiyo da aikin da za a gwada a gida, kuma mutum yana bin su a lokacin da ya samu sarari.

Shirin ya ɗora bayaninsa a kan abu guda, cewa halin da ya biya wa yaro buƙata shi ne zai maimaita. Idan uwa ta ce a'a sau uku, sannan naci ya ishe ta ta miƙa abin da ake nema a karo na huɗu, darasin da yaron ya ɗauka shi ne ya ƙara ƙaimi gobe. Tsawa ma, ko da yake ba ta da daɗi, kulawa ce a wurinsa. Don haka shawarar ita ce a gaya masa cikin natsuwa ya yi magana da muryarsa ta kullum, a kau da kai daga mitar da gangan, sannan a juyo gare shi nan take da zarar ya gyara, a yabe shi a kan ainihin abin da ya yi. Ya kamata mai gwadawa ya sani tun farko cewa rigimar takan ƙaru kafin ta lafa, kuma a nan ne iyaye da yawa suke sarewa, su koma gidan jiya.

Inda shirin ya fi burge ni shi ne batun langaɓewa, domin bai ɗauke ta a matsayin abin da biris kaɗai zai magance ba. Akwai wata dabara mai mataki uku ta koyar da aiki kamar saka riga ko wanke hannu. Da farko za a raba aikin gida-gida, a tambayi yaron mene ne abin da ake fara yi. Idan bai amsa ba sai a faɗa masa, idan kuma bai yi ba sai a ɗora hannu a kan nasa a taimaka masa kaɗan, a janye da zarar ya kama hanya. Amfanin wannan tsari shi ne ya raba iyaye da gardamar ko yaron da gaske yake ko wasa yake yi da hankalinsu, tunda a kowane hali aikin ba ya barin hannunsa, kuma yana samun kusancin da watakila shi yake nema tun asali. A ganina wannan dabara kaɗai ta isa dalilin bin darussan.

Sai dai akwai abin lura. Bidiyon yana buƙatar intanet mai ƙarfi, kuma babu malamin da zai ga yadda kake yi ya gyara maka. Babban ƙalubalen kuma shi ne dabarun suna aiki ne idan manyan gida sun zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya, don in uwa ta kau da kai amma wani babba ya ruga da rarrashi, yaron zai gane ƙofar da take buɗe. Game da hujjar bincike, a shekarar 2012 Philip Wilson da abokan aikinsa sun wallafa nazari a mujallar BMC Medicine, inda suka duba bincike 33 a kan shirin Triple P, suka nuna cewa 32 daga ciki da hannun masu alaƙa da shirin aka rubuta su, kuma sakamakon da ya fi kyau daga bakin iyaye mata ya fito. Wannan bai rushe dabarun ba, amma ya isa ya sa mutum ya rage dogon buri.

Ina ba da shawararsa ga iyayen da shagwaɓar yau da kullum ta gajiyar, musamman idan za su zauna su kalla tare. Amma yaron da ya daɗe yana kasa abin da ya riga ya iya, ko wanda mitarsa take tafe da rashin barci, rashin cin abinci ko ciwo, likita ya kamata ya fara gani kafin a buɗe darasi na farko.